A gwada yadi kafin a ɗinka wa masu girki kayan aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu otal-otal da gidajen abinci, da shugabannin makarantun koyon girki, da teloli, kan wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato yadin da ake ɗinka wa masu girki kayan aiki. Abin da aka saba shi ne mai sayen yadi ya ɗauki farin da ya fi ɗaukar ido, ya murza shi tsakanin yatsu, in ya ji kauri ya ce a yanko. Ba a tambayar da wane zare aka saƙa shi, ba a tambayar wa zai sa shi, a wane ɓangare na kicin zai tsaya, kuma da me za a riƙa wanke shi. Kafin wata uku riga ta tsuke, hannu ya koma tsakiyar damtse, farin ya zama ruwan ƙasa, mai rigar kuma yana wuni cikin gumi. Wannan asara ce. Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne ƙuna, domin rigar mai girki kariya ce tsakanin fatarsa da wuta, da tafasasshen mai, da tururi.

Fasalin rigar ma da kansa yana faɗin haka. Ana danganta farar riga mai gaba biyu da Marie-Antoine Carême, shahararren mai girkin Faransa na farkon ƙarni na 19, daga baya Auguste Escoffier, shi ma shahararren mai girkin Faransa, ya ƙara kafa ta a manyan kicin-kicin. Gaba biyun nan ninki biyu ne na yadi a kan ƙirji da ciki, inda zafin murhu ya fi bugu. In gefe ɗaya ya ɓaci, sai a juya a ɓalle ta ɗaya gefen. Dogon hannu yana tare fallatsin mai. Duk wannan dabara tana rushewa idan yadin bai dace ba.

Zare biyu ne ke mulkin wannan fanni, auduga da foliyesta, wanda mutane ke kira mai roba. Auduga tana shan danshi. Ko a ajiye take, tana riƙe da ruwa kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta, alhali foliyesta bai kai ko kashi 1 ba. Shi ya sa rigar auduga ke tsotse gumi daga jiki ta sake shi a iska, rigar roba kuwa ta bar shi kwance a fata. Auduga tana jure ruwan zafi sosai, tana ma ƙara ƙarfi idan ta jiƙe, tana kuma ɗaukar guga mai zafi. Aibinta sananne ne: tana tsukewa, tana yamutsewa, tana daɗewa ba ta bushe ba, kuma gwiwar hannu da bakin hannu suna saurin cinyewa. Foliyesta akasin haka yake. Ba ya tsukewa, ba ya koɗewa da wuri, yana bushewa nan da nan, guga kaɗan ta ishe shi. Amma yana da halaye biyu da ba sa tafiya da kicin. Na farko, yana son maiƙo. Mai yana shiga cikin zarensa ya liƙe, shi ne dalilin da ya sa rigar roba ke riƙe wari ko bayan wanki, farinta kuma ya riƙa dishewa. Na biyu, yana narkewa. A wajen digiri 250 zuwa 260 na ma'aunin Salshiyos yake narkewa, harshen wutar gas kuwa ya haura digiri 1,000 nesa ba kusa ba. Auduga in ta kama wuta takan ci ta zama toka. Foliyesta yakan narke ya manne a fata yana ci gaba da ƙona ta, kuma irin wannan ƙunar tana da zurfi da wuyar jinya. Saboda haka foliyesta zalla, da nailan, ba su da gurbi a jikin wanda ke tsayawa gaban wuta, komai kyansu.

Mafi yawan kayan aikin da ake sayarwa a ɗinke gauraye ne, galibi foliyesta kashi 65 da auduga kashi 35. Ba mu ce yadi ne marar kyau ba. Yana da ƙarko, yana jure wankin inji sau da yawa, kuma ya fi sauƙin kulawa. Sai dai akwai wani zato da ya kamata a gyara, cewa tun da akwai auduga a ciki to ya fi aminci ga wuta. Ba haka abin yake ba. Idan gaurayen ya kama, audugar da ta ƙone tana zama kamar rariya ta riƙe narkakkiyar robar, ta hana ta ɗiga ƙasa, sai su haɗu su ci gaba da ci. Don haka ra'ayinmu shi ne a raba ma'aikata gwargwadon inda kowa yake tsayawa. Mai gashi, da mai suya, da wanda ke kan murhun gas ko bakin tanda, a ba su auduga zalla, ko a ƙalla gaurayen da auduga ta rinjaya sosai. Masu yanka da gyaran kayan miya, da masu haɗa abinci mai sanyi, da masu kai wa baƙi abinci, gauraye ya wadatar musu, zai ma fi daɗewa. Ɗinka wa kowa da kowa daga bandir guda don a yi kama ɗaya kuskure ne, farare biyu daga yadi daban-daban ba mai bambanta su daga nesa.

A sani kuma, auduga ba ta hana wuta. Ita ma tana ci, musamman in ta yi laushi ta sha maiƙo. Akwai yadudduka na musamman da aka yi domin jure harshen wuta, waɗanda ake gwadawa bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tufafin kariya daga zafi da wuta, wato ISO 11612, kuma inda ake aiki da buɗaɗɗiyar wuta mai ƙarfi ya dace a neme su. Ko su ɗin, in maiƙo ya taru a jikinsu maiƙon zai kama, kuma bilic, wato ruwan faranta kaya, yana lalata maganin da aka sa wa wasunsu.

Bayan zare sai nauyi. Ana auna nauyin yadi da giram a kan murabba'in mita, shi ne lambar da ake rubutawa GSM a jikin bandir. Wasu masaƙu suna rubuta oza a kan murabba'in yadi na awo, a nan sai a ninka lambar sau 34 a sami giram, wato oza 7 ta kama kusan giram 238. Ga riga, tsakanin 190 da 240 ne ya fi dacewa. Abin da ya gaza 170 ya yi shara-shara, fallatsin mai zai ratsa shi nan take, singileti ma ana hango ta. Abin da ya haura 260 ya fi kyau da wando da afuron, wato ƙyallen nan da ake ɗaurawa a gaba. A kicin mai tsananin zafi mutane kan gudu zuwa yadi marar nauyi, kuma muna ganin uzurinsu. Amma ya fi kyau a bar gaban riga da hannuwa da nauyinsu, a nemi iska ta wata hanya: a sa yadi mai sauƙi ko mai raga a tsakiyar baya, a huda ƙananan ƙofofi a hammata a ɗaure bakinsu da zare, a yanka rigar da yalwa ta yadda iska za ta kewaya. Raga a baya kawai, ban da ƙirji da hannu.

Dalilin nacewa kan yalwa shi ne, iskar da ke tsakanin riga da fata ita ma kariya ce. Ruwa yana isar da zafi fiye da iska ninki sama da 20. Rigar da ta matse jiki ta jiƙe sharkaf da gumi tana kai zafi ga fata kai tsaye, kamar yadda jiƙaƙƙen tsumma ke ƙona hannun wanda ya sauke tukunya da shi. Shi ya sa kowane ma'aikaci yake buƙatar busasshiyar riga ta canji a kusa.

Saƙa ma tana da nata. Saƙar da zare ɗaya ke hawa ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya, irin ta fofilin, tana da sanyi da sauƙi, amma tana yamutsewa kuma tana nuna tabo. Saƙar tuwil, wadda in an duba da kyau za a ga siraran layuka sun tafi a karkace irin na yadin kaki, ta fi cika, ta fi jure goga, ta fi ɓoye tabo, kuma ba ta yamutsewa sosai. Ita muke ba da shawara a kanta ga riga da wando duka. Yadin lilin yana da sanyi ƙwarai, sai dai yamutsewarsa ta yi yawa ga aikin yau da kullum. Yadin da aka sa wa ɗan zaren roba mai miƙewa, kashi 2 ko 3, yana da daɗin sunkuyo a wando, amma ruwan zafi da bilic suna kashe miƙewar, gwiwa ta yi buhu.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a wannan wasiƙa. Kada a sayi bandir sai an yanki mita ɗaya an gwada. Rubutun da ke jikin yadi ba kullum yake faɗin gaskiya ba, wani ma ba shi da rubutun. Gwajin ba ya buƙatar komai sai almakashi, da tef ɗin awo, da ashana, da sikelin kicin.

A fara da murza. A kama gefen yadin a cuɗa shi da ƙarfi tsakanin hannuwa a kan baƙin abu. In farin gari ya zubo, wurin da aka cuɗa kuma ya yi laushi ya zama shara-shara, to sitaci aka cika shi da shi don ya yi kama da mai kauri, wankin farko zai tafi da kaurin. A ɗaga shi a haske. Saƙa mai kyau tana fitowa bai-ɗaya, ba wuri mai cika da wuri mai rami, ba ƙulli-ƙulli.

Sai nauyi. A yanka murabba'i mai santimita 50 kowane gefe, a ɗora a sikeli, a ninka abin da ya nuna sau 4. In ya nuna giram 55, yadin na 220 ne. Ya fi kyau a sake aunawa bayan wanki, domin a lokacin ne nauyin gaskiya ke fitowa.

Sai wuta. A zare 'yan zarurruka daga tsaye da kuma daga kwance, a gwada kowanne daban, domin wasu masaƙu suna sa auduga ta gefe ɗaya, roba ta ɗaya gefen. A riƙe da filaya a kan faranti na ƙarfe, da ruwa a kusa, nesa da gas da mai. Auduga tana kamawa da sauri, tana warin takarda mai ci, tana barin toka mai laushi wadda ke watsewa in an taɓa. Foliyesta yana janyewa daga wuta kafin ya kama, yana baƙin hayaƙi, yana ɗiga, in ya huce ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya murjewa. Gauraye yana nuna duka biyun: toka a waje, tauri a ciki.

Sai tsukewa, wadda ita ce ta fi jawo rigima tsakanin tela da mai kaya. A zana murabba'i na santimita 50 a tsakiyar ƙyallen da alƙalamin da ba ya wankuwa, a wanke shi sau uku daidai yadda za a riƙa wanke rigar, da irin ruwan da irin sabulun da irin shanyar, sannan a sake aunawa. In 50 ta koma 48.5, tsukewar kashi 3 ce. In ta koma 47.5, kashi 5 ce. Lambar tana da ƙanƙanta a ido, amma kashi 5 a rigar da tsawonta santimita 75 kusan santimita 4 ne suka tafi, a hannu mai tsawon 60 kuma santimita 3. Auduga ta fi tsukewa ta tsawo, domin zaren tsaye ne aka fi ja a masaƙa. Yadin da aka riga aka tsuke a masana'anta, ta hanyar da Sanford Cluett ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1930, ba ya wuce kashi 1. In ba irinsa aka samu ba, dole a jiƙa yadin duka a ruwan zafi, a shanya, a goge, kafin almakashi ya taɓa shi. A duba kuma ko murabba'in ya karkace. In kusurwoyinsa sun goce, ƙafar wando za ta murɗe bayan wanki, ɗinkin gefe ya dawo kan ƙauri, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ga yadi mai launi akwai ƙarin gwaji. A jiƙa farin ƙyalle a goga a kansa sau goma. In ya ɗauko launi, rinin zai zuba ya ɓata fararen kaya. Wannan ya shafi har siririn baƙin layin ado da ake bi da shi a bakin kwala da hannun farar riga, wanda sau da yawa shi ne ke lalata riga sukutum. Baƙar riga tana ɓoye tabo, abin da ya sa wasu ke sonta. Mu kuwa dalilin ke nan da ya sa muke ɗari-ɗari da ita, domin dattin da ba a gani yana nan, kuma mai farar riga ba ya iya maimaita ta kwana biyu ba a gane ba. Baƙar auduga kuma tana saurin koɗewa a ɗinki da gwiwar hannu, baƙin gauraye ya fi riƙe launi.

Yadda za a wanke kaya ya kamata a san shi kafin a zaɓi yadin, ba bayan an ɗinka ba. Maiƙo yana son ruwa mai zafi, wajen digiri 60, da isasshen sabulu. Jini da ƙwai da madara kuwa ruwan sanyi ake fara ɗauraye su da shi, domin zafi yana dafa su a cikin zare su zauna daram. Bilic mai kulorin yana faranta auduga, amma a hankali yana cin zarenta har ta fara yagewa kamar ta ruɓe, kuma yakan sa wasu gaurayen su koma rawaya maimakon fari. Garin faranta kaya mai aiki da iskar oksijin ya fi tausayin yadi, yana kuma aiki sosai a ruwa mai ɗumi zuwa zafi. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan tsami na kwalba ko wani maganin goge-goge, haɗin yana fitar da iska mai guba. Ruwan laushin kaya mai ƙamshi a bar shi, yana shafe zare da wani santsi da ke rage shan gumi. Gauraye in an wanke shi da ruwan zafi kada a tsoma shi a ruwan sanyi farat ɗaya, robar tana ƙame yamutsewar da ta tarar, guga kuma ta sha wuya. Akwai kuma hatsarin da ba kowa ya sani ba: kayan da suka sha man girki, in ba su fita sosai ba aka sa su a injin busarwa, aka tara su tuli da zafinsu, suna iya kamawa da wuta da kansu. A baza su su huce kafin a ninke.

Ga teloli, yadi mai kyau yana lalacewa a hannun ɗinki marar kyau. A yanka kowane sashe bisa tsawon yadi, kada a juya hannu ɗaya a kwance don a rage ɓarna, domin hannuwan biyu za su tsuke daban. Allura lamba 14 zuwa 16 ta dace da irin wannan nauyi, da taku 4 ko 5 a kowace santimita. Zaren ɗinki ya zama mai ƙarfi wanda ba ya tsukewa, in ba haka ba ɗinkin zai tattare bayan wanki. Kafaɗa da gefe da hannu a yi musu ninkakken ɗinki mai layi biyu irin na wandon jins, wanda ke ɓoye bakin yadi gaba ɗaya, ta yadda zare ba zai zazzago cikin abinci ba. Bakin aljihu da tsagar hannu a maimaita musu ɗinki. Gam ɗin da ake mannawa a cikin kwala yakan saki a ruwan zafi kwalar ta yi kumburi-kumburi, gara a sa ninkin yadin kansa da aka riga aka wanke.

Maɓalli ba ado ba ne a wannan riga. In tafasasshen mai ko ruwa ya zube wa mutum a ƙirji, abin da ke rage ƙuna shi ne rigar ta bar jiki cikin daƙiƙu. Maɓallin ƙulli na yadi, da mai dannawa, da irin wanda ake cusawa ta rami biyu a cire lokacin wanki, duk suna buɗewa da fizga ɗaya. Ɗinkakken maɓallin roba yana riƙe riga a lokacin da ake so ta saki, yana fashewa a wanki, kuma in ya tsinke cikin tukunya zai faɗa. Zif a gaba ya fi muni, yana sarƙewa, na ƙarfe kuma yana ɗaukar zafi. Aljihun ƙirji na waje shi ma abin da ke cikinsa yana zubewa da zarar an sunkuya kan tukunya, siririn aljihu a damtse ya ishi biro da ma'aunin zafi.

Wando ya zama mai yalwa, tuwil na 240 zuwa sama, kuma kada a naɗe ƙafarsa waje, naɗin yana tare ruwan zafi ya riƙe shi a idon sawu. Ƙananan gidajen dara baƙi da fari da aka san wandon masu girki da su an zaɓe su ne don suna ɓatar da tabo. Afuron ya wuce gwiwa, na auduga mai kauri, igiyarsa a ɗaure da zarge mai kwancewa da ja ɗaya. Afuron ɗin roba na masu wanke-wanke ne kaɗai, kada ya matsa kusa da murhu. Hula kuwa yadi marar nauyi take so, mai ɗan raga a sama, tun da aikinta tare gashi da gumin goshi ne.

Wajen lissafi, yadi mai faɗin santimita 150 yana ba da riga mai dogon hannu da gaba biyu a kimanin mita 2 zuwa 2 da rabi ga matsakaicin mutum, wando mita 1 da rabi, afuron mai ƙirji mita 1. In faɗin bai kai haka ba, ƙari ya zama dole. A ɗora kashi 5 saboda tsukewa. Kowane ma'aikaci yana buƙatar a ƙalla saiti uku, ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a ninke, domin rigar kicin kullum ake canza ta, kuma a wurin aiki ake sa ta, ba a ratsa titi da ita. A sayi abin da ake buƙata na kowane irin yadi duka daga rini ɗaya a lokaci ɗaya, har da rarar da za a ɗinka wa sababbin ma'aikata, domin bandir na gaba ko da sunansu ɗaya launinsu kan ɗan bambanta. Kafin a yanka na kowa, a ɗinka riga biyu tak, a ba wanda ya fi kowa kusa da wuta da wanda ya fi kowa zirga-zirga, su yi mako biyu da su ana wankewa, sannan a tambaye su inda ta matsa, inda ta jiƙe, da inda zafi ya ratsa.

Muna roƙon makarantun koyon girki da su sa wannan a cikin darasin makon farko, tare da darasin riƙon wuƙa, hukumomin da ke duba tsaftar gidajen abinci kuma su riƙa duba irin yadin da ke jikin masu tsayuwa gaban wuta.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu sana'ar girki da ɗinkin kayan aiki